Shekarar da Na Roƙi Wari

Ƙarar takardar dunƙule ce ta jefa ni cikin wannan sana'a. Ina amarya, lallen ƙafata bai gama fita ba, a gidan mijina da ke wani ƙauye bayan Doguwa, na ɗora miyar kuka. Na duba dama, na duba hagu, na zaro dunƙule ɗaya daga haɓar zanina, na fara ɓarewa a hankali. Kun dai san 'yar ƙarar da takardar nan take yi, ko ɓera a cikin buhu ya fi ta hayaniya. Surukata tana ɗakinta, kuma kowa a gidan ya san kunnenta na hagu ya daɗe da ajiye aiki. Sai na ji muryarta:

"Amarya, wa ke shan alewa bai sam mini ba?"

Na ce, "Iya, ba alewa ba ce."

"To kawo in gani."

Na durƙusa na miƙa mata. Ta juya shi, ta kai hanci, ta ɗan lasa, ta ce, "Allah sarki. Sabulu ne da bai girma ba." Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce tunda har na gama sakandare ba a koya mini abin da ake sa wa miya ba, gobe za ta buɗe mini tata makarantar. Ashe gidan daddawa na shigo, gado tun daga kakar mijina.

Saboda ku nake wannan rubutu, 'yan matan ƙungiyar mawaƙa, da kuka tare ni bayan sujada a majami'a wai in koya muku daddawa ranar Asabar da yamma, kun gani a waya, kafin a gama shan ruwan leda an gama. To ita wayar ta nuna muku hayaƙi? Ta nuna muku ƙugu? Ku zauna ku karanta, wadda ta kai ƙarshe ba ta canja ra'ayi ba, ta zo da tsohon zani.

Aikin farko da Iya ta ba ni shi ne dahuwar kalwa. Kalwa ita ce ƙwayar ɗorawa bayan an sha garin an bar ta tsirara, baƙa wuluk, mai taurin kai. Maganar nan da ake cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, ni na tabbata mai daddawa ce ta fara faɗarta. A rabin duro ake dafa ta, da gumagumai, ba ƙirare ba. Ki ɗora yau da hantsi, gobe da hantsi tana nan tana kallonki. Ruwa ya ƙone ki ƙara, wuta ta lafa ki iza. Ba agogo ke gaya miki ta yi ba, yatsa ne: ki ɗauko ɗaya ki murza, in rigarta ta saɓule, ta yi. Ni kuwa a farkon nan nakan murza da ƙarfin zuciya, in ruga in ce ta yi. Iya takan karɓa ta jefa wa kaza. Kazar ta tsattsaga ta bari. Sai ta ce, "Kin ji, alƙaliya ta ce a ƙara wuta."

Daga nan sai surfe. A turmi ake yi da ɗan toka, kuma ba duka ba ne, lallashi ne, ki cire mata riga ba tare da kin fasa mata ciki ba. Ranar farko na ɗauki taɓarya na nuna mata ni ma na ci tuwo. Iya ta leƙa turmin ta ce, "Sannu da aiki, kin yi wa agwagi biki." Bayan surfe a kwasa a tafi rafi da gwagwa, wato ƙwaryar nan mai huji-huji, a yi ta rairaya har ɓawon ya bi ruwa, ƙwayar ta fito fes. A nan ake tsince tsakuwa, kuma ku riƙe wannan da kyau: tsakuwa ɗaya ta isa ta raba ki da unguwa guda. Akwai wani dattijo mai sayar da buhu a kasuwar Tudun Wada da ya rasa haƙorin turmi a miyar daddawar wata mata. Har ya mutu, in ta zo wucewa sai ya buɗe baki ya nuna mata gurbin.

In an wanke, a sake dafawa da 'yar kanwa, a tsame da zafinta. To a nan sana'ar take, sauran duk wahala ce kawai. Muna da ɗan ɗaki a bayan madafa, ba taga, a ciki akwai tsohon kwando da buhunan algarara da wasu tsummokara da Iya ta gada daga uwar mijinta. Tsummokaran nan ba su taɓa ganin sabulu ba. In aka shanya su, ko bunsuru yakan canja hanya. Iya ta ce a jikinsu irin yake, su ke koya wa sabuwar kalwa yadda ake zama daddawa. A shimfiɗa, a juye kalwa tana tururi, a lulluɓe da sauri, a danne da dutse. Gishiri kada ya taɓa ta, maiƙo kada ya taɓa ta. Babbar doka kuma, ba a ɗaga rufi a leƙa. In kin ɗaga, zafin ya fita, ta yi fushi, shi ke nan kin yi taki.

Iya takan ɗora hannu a kan dutsen ta ce, "Ubangiji, mun yi namu, saura naka." Sai ta ja ƙofa. Na taɓa tambayarta ko ba za mu ɗan duba ba mu ga yadda take ciki. Ta ce, "Shi wanda kika bar wa aikin ɗan ƙwadago ne da za ki je ki tsaya a kansa?"

Hanci ne ke kawo labari. In ta kwana ta sake kwana, sai wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kuma wari daban, ɗoyi daban. Wari yana da kaifi, yana hawa kai, yana sa hawaye, amma a ƙarƙashinsa akwai miya. Ɗoyi kuwa ruɓa ce zalla, a ciki yake sauka. Na fi shekara kafin hancina ya iya raba su. In warin ya cika, a buɗe, za ki same ta ta yi laushi ta yi yauƙi. A sha mata iska, a kirɓa, a nana a tafin hannu, a jera a tabarma a rana har ta yi baƙi. Ranar shanya ba zuwa unguwa, domin kaza da kare da shaho duk sun san abu mai daɗi.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai matan birni da ke tsayar da mota a bakin titi, su toshe hanci da gyale, su ce a ƙulle musu a leda, a sa ledar a wata ledar, sannan su ce a ƙara musu gyara. Akwai Fulanin da ke kawo nono mu yi musaya. Akwai yaran mota da kullum sai sun tambaye ni, "Mama, ke da kayanki wa zai hau sama?" Sai kuma maƙwabcinmu na katanga ɗaya, Malam Haruna, mai koyar da Alƙur'ani a ƙofar gidansa. Shi ya fi kowa shan warinmu, ya kuma fi kowa ƙorafi. Yakan ce da Iya ta kan katanga, "Baiwar Allah, yau ma ɗalibaina sun manta haddarsu." Ita kuma ta ce, "Allah gafarta Malam, jiya wa ya yi ƙarin tuwo?" Domin da la'asar ɗin nan matarsa za ta miƙo kwano ta kan katangar.

Haka muka yi shekaru, har hannun Iya ya gaji, aikin ya dawo kaina. Sai shekarar da nake so in ba ku labari.

Da rani Iya ta tafi gida wurin Ubangijinta, cikin barci, ba ta wahalar da kowa ba. Damina ta faɗi da ƙarfi, ruwa ya kwanta a gonarmu ta shinkafa har ta ruɓe a tsaye. Ana cikin haka maigida ya ɗauko taki a babur daga Dangora, santsi ya kwashe shi, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Na bar yara wurin ƙanwata, na tafi jinya asibiti. Awaki suka tafi, busasshiyar daddawar da na tara ta tafi, keken ɗinkin aurena ma ya bi su. Abin da ya rage mana a duniya shi ne rabin buhun kalwa da Iya ta saya kafin rasuwarta, yana ƙarƙashin gadonta.

A shekarar aka kawo mana sabon fasto. Matarsa, da muke kira Mama Fasto, 'yar birni ce, mai kirki har ya yi mata yawa, mai tsabta kuma fiye da kirkin. Da ta ji za a sallame mu, sai ta tara matan zumunta na majami'a su gyara mana gida. Muka sauka daga mota, maigida a kan sanduna, muka tarar da su a jere suna waƙa. Tsakar gida kamar an lashe. Ina shiga na ji ƙanshin asibitin da muka baro ya riga mu isowa.

Mama Fasto ta kama hannuna ta kai ni ɗakin baya. An share, an wanke da ruwan maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta, har an yi farar ƙasa.

Ta ce, "Maman Iliya, mun sami wasu tsummokara a nan da wani kwando, ban san abin da ya mutu a ciki ba. Mun ƙone su. Ga sababbin buhuna mun kawo miki, ni da kaina na wanke su."

Matan garinmu da suka san zancen duk sun tafi ɗebo ruwa lokacin da aka yi ƙunar, yanzu kuwa kowace tana kallon ƙasa. Na ce, "Na gode, Mama. Allah ya saka da alheri." Maigida ya jira har suka fita, sannan ya ce, "Ni da na karye ma ban yi asarar da kika yi ba."

Za ku ce me ya hana ni aro. Mai daddawa ta fi yarda ta ara miki zanin jikinta da ta ara miki tsummanta, kuma wadda ta fi kusa da mu tana hayin rafi, rafin ya cika ya batse. Ga marka ta kafu, sama ba ta ɗauke ba dare ba rana, ɗakin nan sanyi kamar randa. Busasshen icen da ya rage na dahuwa ɗaya ne tak. Kalwa kaɗan kuma ba ta riƙe zafi a irin wannan sanyi, sai mai yawa. Don haka ba dabarar rabawa: ko in juye rabin buhun nan gaba ɗaya, ko in zauna ina kallonsa. In ta yi, muna da abin kai wa kasuwa, da abin sayen wata kalwar, da abin da zai kai mu kaka. In ta ruɓe, sana'ar gidan ta ƙare a hannuna, rumbu kuma ba abin da ke ciki sai gizo-gizo.

Na dafa. Na surfa. Na wanke a bakin rafi ruwan sama yana dukan bayana. Na juye ta cikin buhunan Mama Fasto masu ƙanshin sabulu, na danne da dutse, na ɗora hannu na faɗi abin da Iya ke faɗa. Na ja ƙofa.

Lokacin da wari ya saba fitowa ya zo ya wuce, shiru. Gari ya sake wayewa, shiru. Nakan durƙusa a bakin ƙofa kamar mai gaida sarki, in ja iska, ba abin da nake ji sai asibiti. Yara suna cin kwaɗon tafasa safe da yamma. Ga maigida kwance a rumfa, ƙafa a miƙe, ba aikin da ya rage masa sai gadina.

"Maman Iliya, ina za ki?"

"Tsintsiya zan ɗauko a ɗakin baya."

"Wannan ta hannunki fa, ta haya ce?"

Na dawo na zauna. Ya ce, "In kin ɗaga buhun nan, tsohuwar nan sai ta ji ƙararsa daga inda take."

Har Malam Haruna abin ya dame shi. Ya yi gyaran murya ta kan katanga ya ce, "Maƙwabciya, lafiya kuwa? Na ga hayaƙin duro, na shirya hancina, shiru. Ɗalibaina sai hadda suke ba ƙaƙƙautawa, abin har ya fara ba ni tsoro." Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Allah ya kawo mafita. Ban taɓa zaton zan sa wannan abu a addu'a ba, amma zan sa."

Ranar taron zumuntar mata na tafi majami'a. Da aka zo wurin roƙon addu'a, wata ta ce ɗanta ba lafiya, wata ta ce 'yarta za ta rubuta jarrabawa. Na miƙe na ce, "'Yan'uwa, ku taya ni roƙon wari."

Dariya ta ɓarke daga bencin baya. Na jira ta lafa, na yi bayani dalla-dalla, ban ambaci sunan kowa ba. Ina magana ina ganin fuskar Mama Fasto tana sauyawa, har ta kai hannu ta rufe baki. Ita ce kuma mai jagorar addu'a a ranar. Muka sunkuyar da kai. Ta fara, ta yi wa mara lafiya, ta yi wa mai jarrabawa, da ta zo kaina sai tarbiyya ta hana ta. Ta ce, "Ya Uba, ka dubi 'yar'uwarmu, ka sa aikin hannunta ya yi ƙanshi…"

Kaka Tabita, wadda ta girme mu duka, ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "Wari ta ce, Mama. Gaya masa daidai, kada a aiko mata da turare."

Mama Fasto ta ja numfashi ta ce, "Ya Uba, ka gafarta. Wari. Mai yawa. A cikin sunan Yesu." Ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba, rabi kuka rabi dariya.

Da aka tashi Kaka Tabita ta ce, "Kalwar nan mu muka tuɓe ta, mu za mu rufe ta. Sanyi take ji." Suka biyo ni gida cikin yayyafi. Ba wadda ta taɓa buhun. Kowace ta kwance zanin sama na ankon zumunta, ta shimfiɗa a kan dutsen, ɗaya bisa ɗaya, har tulin ya kai ƙuguna. Mama Fasto ta ruga gida ta dawo da bargon aurenta, mai laushi, mai hoton furanni. Na ce, "Mama, in abin nan ya kama bargon nan, har abada ba zai sake shi ba." Ta ce, "Ai shi muka roƙa." Ku da kuke tambaya me ya sa aka canja ankon zumunta ba lokacinsa ba, ga dalilin.

Kada ku ɗauka a kwanakin nan ina yawo ne ina waƙar yabo. Bangaskiyata duk ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, kuma aikinta ɗaya ne: ta riƙe wannan hannun kada ya ɗaga buhu. Nakan ce, "Ubangiji, ban ji komai ba, ban ga komai ba, amma na bar maka." In ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share. Ban san wata bangaskiya da ta wuce wannan ba, kuma a wurin daddawa na koye ta.

Sai ga wata sabuwa. Dukan ruwan da na sha a rafi ya tashi, mura ta kama ni, hancina ya toshe kamar an liƙe da ƙasa. Mai daddawa ba hanci. Ko da amsar ta zo, ba ni da inda zan karɓe ta.

Da hantsin wata rana ina madafa ina dama ɗan kunun da ya rage, idona yana ruwa, sai na ga kajin maƙwabta sun taru a ƙofar ɗakin baya suna leƙe. Na waiga rumfa, na ga maigida ya kifa hularsa a fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce, "Baban Iliya, mene ne?"

Ya ce, "Ba komai. Ci gaba da damunki."

"Don Allah ka gaya mini. Wari ne ko ɗoyi?"

"Ni manomi ne, me na sani?"

Na ajiye ludayi zan rantse masa ba zai sha kunun ba, sai na ji tari daga bayan katanga, da muryar Malam Haruna yana ce wa ɗalibansa, "Ku kwashi allunanku mu koma gindin darbejiya, maƙwabta sun farfaɗo." Ya ƙara ɗaga murya don in ji, ya ce, "Irin na marigayiya ne sak. A ajiye wa gidana na farko."

Na zauna a kan turmi. A nan autata Rahila ta same ni, lokacin ba ta shiga makaranta ba. Ita ma tana majami'a a gefena ranar da aka yi addu'ar. Ta zo ta tsaya a gabana, ta matse hancinta da yatsu biyu, hawaye na bin kumatunta, ta ce da muryar mai toshe hanci:

"Mama, Yesu ya amsa. Ki ce masa ya isa haka."